Sunan al'umma ba sunan harshe ba ne: sharhi a kan matsayin Manganci

A cikin Polyglotta Africana na 1854, Koelle ya jera kalmomin Muniyo daban da na Kanuri, da na Nguru, da na Kanem. A Firitawun ya tattara su, daga bakin bayin da aka ƴanta. Muniyo kuwa ita ce ƙasar Mangawa, wadda Barth ya iske fadar sarkinta a Gure a 1852.

Abin da Koelle ya rarrabe, na bayansa sun haɗe shi. Nahawun Lukas na 1937, da daidaitaccen rubutun da aka tsayar a Maiduguri, da ƙamus ɗin Cyffer da Hutchison na 1990, duk a kan karin Yarwa aka gina su. Ba mu musun ingancin waɗannan ayyuka. Sukarmu ita ce, sun ɗauki kari guda sun ba shi sunan harshe dukansa. Sai Manganci da Dagaranci suka koma kamar Barbarcin da ya karkace.

Wannan kuskure ba a nan kaɗai aka yi shi ba. A arewa maso gabashin Indiya, Grierson ya tara harsunan Naga cikin rukuni ɗaya a 1903, alhali mai jin Angami ba ya jin Konyak. A 2003 Burling ya nuna cewa ba reshe ɗaya ba ne. Abin da ya haɗa Naga shi ne tarihi da siyasa, sa'an nan addinin Kirista. A kasuwa kuma Nagamis suke yi, kamar yadda Bamange da Batube da Buzu suke ciniki da Hausa a Gure.

Kwatancin yana da iyaka: kare-karen Barbarci tushensu ɗaya ne, masu su kuma suna fahimtar juna. Amma fahimtar dattijon da ya sha fatauci daban take da ta yaron da ya shiga lakkwal bana. Nijar ta tsayar da rubutun Kanuri a 1999, dokar 2001 kuma ta ambaci sunan ba tare da ta ce wane kari ba. Idan littafin karatu na Yarwa ne, ɗan Gure zai koyi baƙi cikin maganar da ba ita ya sha a nono ba.

Don haka muna ganin wajibi ne, kafin a rubuta wa Muniyo littafi, a auna fahimtar yara ƙauye-ƙauye, a kuma bayyana Manganci bisa ƙa'idojinsa, ba bisa nisansa da Yarwa ba.