Dokar Gari da Ba a Karanta wa Mutanen Gari Ba

Gari yakan girma kamar yaro, rigar da aka ɗinka masa bara ba ta shigarsa bana. A ƙidayar 1977 mutanen Maraɗi kimanin dubu 45 ne, amma a ta 2012 sun haura dubu 260. Inda dā gonakin gero ne, yanzu unguwanni ne, hanyar da jaki da amalanke suke bi kuma ta cika da kabu-kabu. Saboda haka ba mai musun cewa dokokin gari suna bukatar sabuntawa. Abin suka shi ne yadda ake sabunta su.

A shekarar 2010 gwamnatin Nijar ta fitar da sabuwar dokar ƙananan hukumomi, ta ba Yamai, da Damagaram, da Maraɗi, da Tawa matsayi na musamman, aka raba Maraɗi gunduma 3. Hukumar gari tana da iko a kan tsabta, da hanyoyi, da kasuwanni, da dabbobi masu yawo. A takarda tsarin yana da kyau. Amma an saba rubuta dokokin da Faransanci, a sa hannu, a buga hatimi, a adana a ofis. Mai tuyar ƙosai a bakin hanya, da mai tura kurar ruwa, da gwauruwa mai akuya biyu, sau da yawa ba su jin labarin doka sai ranar da ma'aikaci ya tsaya a gabansu da takardar tara. Dokar da mutum bai ji ba sai ranar kamu, tarko ce a gare shi.

Mai karatu ya dubi zancen leda. A shekarar 2014 aka kafa dokar ƙasa wadda ta hana ƙera ledar nan marar kauri, da shigo da ita, da sayar da ita. Dalilin gaskiya ne, gama leda tana toshe magudanar ruwa, tana kashe tumaki da awaki idan sun haɗiye ta, tana kuma ɓata gona. Duk da haka ba ta bar kasuwa ba. Ba a zauna da masu sayarwa an nuna musu abin da za su ƙulla gishiri da mai a ciki ba, birane kuma ba su mai da dokar ta zama aikin kowace unguwa ba. Irin wannan doka tana da lahani biyu. Tana koya wa yara cewa maganar hukuma ba abin riƙewa ba ce, tana kuma ba mugun ma'aikaci sandar da zai ɗauka ran da ya ga dama, a kan wanda ba shi da kowa.

Zancen gini ya fi wannan nauyi, domin akwai rai a ciki. A shekarar 1945 ruwan Gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi, aka tashi aka sake kafa shi a kan tudu. Kakannin garin sun biya wannan darasi da tsada. A damanar 2024 ambaliya ta sake rushe gidaje da yawa a jihar Maraɗi, mutane suka mutu. Talakan da ya tara kuɗi shekara da shekaru ya sayi fili a kwari, ba don reni ya yi ba, arha ya bi. Da an bi unguwa unguwa an nuna hanyar ruwa, an kafa alama, an hana mai sayarwa tun kafin ciniki, da an tsirar da wasu.

Waɗansu za su ce mutane ne masu taurin kai, kuma ana yin sanarwa a rediyo. Lalle akwai masu taurin kai, har a cikin masu bi. Amma sanarwa daban, shawara daban. Sanarwa tana zuwa bayan an gama, shawara kuwa tun ana tsarawa. A watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun birane da aka zaɓa, aka naɗa kantomomi a madadinsu. Inda babu wakilin da unguwa ta zaɓa, wajibin neman bakin mutane ya ƙaru a kan mai mulki. A shekarar 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa, hujjar barin dokar gari cikin Faransanci kaɗai ta faɗi ke nan.

Littafin Nehemiya sura 8 ya nuna wata hanya. Bayan an gama garun Urushalima, Ezra ya karanta Shari'a a dandali, a gaban maza da mata, tun da safe har tsakar rana, Lawiyawa kuma suna bayyana ma'anarta domin kowa ya gane. Sai bayan haka jama'a suka ɗaure kansu da alkawari. Hukumar gari za ta iya yin kamar haka: ta kira masu unguwa, da sarakunan sana'a, da mata masu kasuwa, da limamai da fastoci kafin a sa hannu, ta soke tsofaffin dokokin da ba a aiki da su, ta rubuta sauran da Hausa mai sauƙi tare da adadin tarar kowane laifi, kuma kada a karɓi ko dala sai da rasiɗi.

Ikilisiya ma tana da nata rabo. Romawa sura 13 tana koya wa masu bi biyayya ga mahukunta, mai bi kuwa ba zai yi biyayya ga abin da bai sani ba. Ya kamata dattawa su je su nemi dokokin a rubuce, a karanta su bayan sujada da wurin taron zumuntar mata, a kuma fara da share magudanar da take ƙofar majami'a. Sa'an nan, idan suka je gaban hukuma domin gwauruwar da aka kama wa akuya, za a saurare su.