Harshe da Adalci a Shirye-Shiryen Lafiya: Sharhi Kan Arewacin Gana

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi sharhi a kan yadda ake tallafa wa sababbin shirye-shiryen lafiya na al'umma a arewacin Gana, tare da nuna gurbin da ake bari wajen harshe. Za a ɗauki misalai daga Nalerigu, Salaga, Yendi da Bawku.

2.0 Inda Aka Dace

Haɗin gwiwa ba baƙon abu ba ne a yankin. Asibitin Baftis na Nalerigu, wanda Dakta George Faile ya assasa a ƙarshen shekarun 1950, ya kafu ne da yardar Nayiri, sarkin Mamprusi. Haka kuma gwajin da aka fara a Navrongo a 1994 ya nuna cewa idan ma'aikaciyar jinya ta zauna cikin ƙauye, aka kuma bi ta hannun sarakuna da dattawa, mutuwar ƙananan yara na raguwa. Daga nan ne shirin CHPS ya zama manufar ƙasa a 1999. Abin yabo shi ne masu gwajin sun gina aikinsu a kan kalmar mutanen wurin, wato zurugelu, mai ma'anar haɗa kai.

3.0 Inda Aka Gaza

Sai dai kalmar da ta yi aiki a Navrongo ba lalle ta motsa kowa a Yendi ba. A Nalerigu Mampruli ake yi, a Yendi Dagbani, a Salaga Gonja, a Bawku kuwa Kusaal ne ya fi yawa. Hausa ita ce ke haɗa jama'a a kasuwanni da zangonni, musamman a Salaga da Bawku, amma ba ta cikin harsunan da Hukumar Harsunan Gana ke wallafa littattafai da su. Saboda haka shirin da bai ware kuɗin fassara tun farko ba yakan dogara ga duk wanda aka samu a kusa ya yi tafinta. Matar da ke jin nauyin faɗin ciwonta a gaban ɗan maƙwabci sai ta yi shiru, ta koma gida da cutarta.

Ɗauko fassara daga Kano ma ba ya magance matsalar. Gananci ba ya bambanta jinsin namiji da na tamata yadda Kananci ke yi, kuma ya ari kalmomi da yawa daga harsunan da yake zaune da su. Takardar da aka rubuta da daidaitacciyar Hausa tana buƙatar a gwada ta a kunnen mutanen zango kafin a buga.

Akwai kuma batun ma'ana. Masu fassara sukan kira manufar waɗannan shirye-shirye da “daidaito”. Daidaito shi ne a ba kowa mudu ɗaya. Abin da ake nufi kuwa shi ne a ba kowa gwargwadon buƙatarsa, ta yadda ƙauyen da ya fi nisa da asibiti zai samu kaso mafi girma. “Adalci” ce ta fi dacewa.

4.0 Kammalawa

An ga cewa nasarar Navrongo ta dogara ne ga magana da jama'a da harshensu. Don haka ya kamata masu ba da tallafi su sa masanin harshe cikin ayari tun ranar da ake tsara shiri. Ɗalibin Hausa kuma ya lura cewa zaɓen kalma a nan na iya shafar wanda zai samu magani da wanda zai rasa.