'Ya'yan Zango da Dokar Zama Ɗan Ƙasa ta 1960

Daga cikin abubuwan da na daɗe ina nazari a tarihin samun mulkin kai akwai babin zama ɗan ƙasa na tsarin mulkin 1960. Babin ya tanadi cewa wanda aka haifa a wajen Nijeriya, yana ƙarƙashin tutar Ingila, zai zama ɗan Nijeriya ran 1 ga Oktoba, 1960, muddin a Nijeriya aka haifi mahaifinsa. A ido wannan adalci ne. Amma a ganina waɗanda suka tsara shi ba su yi la'akari da yadda Bahaushe yake zaman baƙunta ba.

Tun kafin zuwan Turawa fataken goro suke bin hanyar Gwanja, har suka kafa zanguna a Salaga da Kumasi. Haka kuma bayan yaƙin Burmi a 1903, mabiya Sarkin Musulmi Attahiru da dama sun nausa gabas, suka zauna a Mai Wurno ta ƙasar Sudan. Kafin 1960 waɗannan mutane sun yi jikoki, kuma iyayen jikokin a can aka haife su. Ke nan dokar ta karɓi ɗa ta bar jika.

Kuskure na biyu shi ne barin uwa. Macen da aka haifa a Kano ta yi aure a Kumasi ba ta iya gadar wa ɗanta ƙasarta. An kwaikwayi dokar Ingila ta 1948 ne, wadda ta bi jinin uba kaɗai. Sai daga baya aka daidaita uwa da uba.

Illar irin wannan giɓi ta fito fili a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta Ghana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice. Dubban mutane suka kwaso kaya, wasu zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba.

Ban ce an yi da mugun nufi ba. Gaggawar karɓar mulki ce. Sai dai ina kira ga malamai, idan suna koyar da tarihin 1960, su riƙa ambaton waɗanda aka manta a zango. Dattawan da suka dawo kuwa, a rubuta labarinsu tun suna raye.