Zullumi, Soyayya da Imani: Nazari a kan Quo Vadis da Magadansa

Masu tsara aikin yaƙi da jahilci sun daɗe da sanin cewa koya wa baligi haruffa shi ne ɓangare mai sauƙi na aikin. Wahalar takan zo ne bayan an rufe aji, sa'ad da mutum ya koma gida da takardar shaida, amma ba shi da abin karantawa sai ƴan littattafan shuka gyaɗa da haƙa masai. Wanda bai sami abin da zai ja shi daga shafi zuwa shafi ba, karatunsa yakan dushe. Saboda haka ne muka ga ya dace mu duba wani rukuni na ƙagaggun labaran Turai da Amurka wanda ya yi suna wajen riƙe mai karatu, watau labaran da ke haɗa tarihi da soyayya da zullumi, waɗanda addinin Kirista ne ginshiƙinsu. Abin da muke so mu gane shi ne yadda aka gina su, da kuma wanda ya cancanci wuri a ɗakin karatu, ko ma a kashe kuɗin fassara a kansa.

Da farko sai mun daidaita kalma. Halin da mai karatu ke shiga idan bai san abin da zai sami wanda ya damu da shi a cikin labari ba, shi za mu kira zullumi. Fargaba ta yi kusa da tsoro, ɗoki kuma ya yi kusa da murna. Zullumi ne ya tsaya a tsakaninsu.

To, marubucin irin wannan labari yana fara aiki ne da hannuwa a ɗaure. Tarihi ya riga ya faɗi abin da ya faru, ba zai iya hana Rum ƙonewa ba. Al'adar labarin soyayya ta riga ta yi wa mai karatu alkawari cewa masoya za su sadu. Addini kuma ya riga ya yanke cewa imani ne zai yi rinjaye. Idan an san ƙarshen abubuwa ukun nan tun daga shafin farko, ina zullumi zai fito? Ra'ayinmu shi ne ba ya fitowa sai daga mutanen da marubuci ya bar wa ikon zaɓi na gaske, waɗanda za su iya tuba, za su kuma iya ƙi. Da wannan ma'auni za mu auna littattafan.

Rukunin ba sabo ba ne. A shekarar 1854 Kardinal Nicholas Wiseman ya fitar da Fabiola a Ingila, labarin wata ƴar masu mulkin Rum da baiwarta Kirista a zamanin sarki Diyoklesiyan. A 1880 Lew Wallace ya fitar da Ben-Hur a Amurka. Na farkon yakan tsai da labari don ya yi wa mai karatu darasi a kan kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Rum, na biyun kuma ramuwar gayya ta fi soyayya ƙarfi a cikinsa. Wanda ya haɗa abubuwan duka har suka zauna da juna shi ne Henryk Sienkiewicz, mutumin Polan (1846 zuwa 1916), a cikin Quo Vadis. An fara buga shi kashi-kashi a jaridu daga 1895 zuwa 1896, ya fito a littafi a 1896, fassarar Faransanci kuma ta biyo baya a 1900. Marubucin ya sami kyautar Nobel ta adabi a 1905. Wannan bugun kashi-kashi yana da muhimmanci ga nazarinmu, domin wanda ke rubuta wa jarida dole ne ya bar mai karatu da ƙishirwa a ƙarshen kowane kashi, in ba haka ba gobe ba za a nemi jaridar ba.

Ga labarin a taƙaice. Vinisiyus, matashin hafsan sojan Rum, ya ga Lijiya, ɗiyar wani sarkin arewacin Turai wadda aka ba Rumawa jingina, ta tashi a gidan tsohon janar Aulus Plautiyus. Yana son ta zama sa-ɗakarsa. Kawunsa Petroniyus, bafaden sarki Neron, ya shirya aka ɗauke ta daga gidan da sunan sarki. Kiristoci suka ƙwace ta a hanya da taimakon baranta Ursus, wani ƙato mai ƙarfin gaske, suka ɓoye ta a unguwar talakawa. Vinisiyus ya ɗauki wani Bahelene mai suna Kilon ya nemo ta, ya je sato ta da ƙarfi, aka ji masa ciwo, kuma waɗanda ya zo cuta su ne suka yi jinyarsa. Daga nan halinsa ya fara juyawa. Sai gobarar Rum ta watan Yuli na shekara ta 64 ta tashi, aka ɗora wa Kiristoci laifi, aka kama Lijiya. A dandalin wasa aka ɗaure ta a ƙahonnin wani baƙin sa na daji, Ursus ya karya wuyan san da hannu, jama'a suka tilasta wa Neron ya yi mata afuwa. Sunan littafin kuwa Latinanci ne, ma'anarsa "ina za ka?", daga wata tsohuwar ruwaya ta Kiristoci da ke cewa manzo Bitrus ya haɗu da Almasihu a hanyar fita Rum yana gudu, ya yi masa wannan tambaya, sa'an nan ya juya ya koma cikin birni.

Na fara karanta littafin da Faransanci ina ɗan kwaleji, kuma abin da ya tsaya mini a rai a lokacin shi ne san nan da ƙaton. Da na sake karanta shi da idon nazari sai na ga wannan wuri, duk da ƙarfinsa, babu zullumi mai zurfi a cikinsa. Mai karatun da ya saba da labarai ya san ba za a kashe yarinyar ba. Lijiya ma kanta, in za a faɗi gaskiya, ita ce mafi rauni a cikin taurarin littafin: ana ɗauke ta, ana ɓoye ta, ana kama ta, ana ceto ta, ita kuwa tana nan yadda take tun farko, kamar zinariyar da ake wucewa da ita daga hannu zuwa hannu.

Zullumin gaske yana wurin mutane biyu da ba su cikin masoyan. Na farko shi ne Kilon. Maƙaryaci ne, matsoraci, mai sayar da asiri, wanda ke kiran kansa masanin falsafa. Tun kafin labari ya fara ya ci amanar wani likita Kirista mai suna Glaukus, ya sa aka raba shi da iyalinsa. Bayan gobara shi ne ya nuna wa fada maɓoyar Kiristoci, ya sami dukiya da matsayi. Mai karatu ya riga ya yanke masa hukunci. Amma a daren da aka ɗaure Kiristoci a kan gumagumai aka cinna musu wuta a lambun Neron, sai Kilon ya tsaya a gaban Glaukus yana ƙonewa, ya roƙe shi gafara, Glaukus kuma ya yafe masa. Nan take tsohon ya juya ya nuna sarki da yatsa a gaban jama'a, ya ce shi ne ya ƙone Rum. Manzo Bulus ya yi masa baftisma, aka kama shi, aka yanke masa harshe, aka kashe shi. Tubar Vinisiyus tana da lada a duniya, domin ta ba shi matar da yake so. Tubar Kilon ba ta ba shi kome ba sai azaba, kuma babu wanda ya tsammace ta, shi ya sa take girgiza mai karatu.

Na biyu shi ne Petroniyus, kuma a nan ne Sienkiewicz ya nuna ƙarfin hali. Ya ba wannan arne, mai son jin daɗi, mafi kaifin hankali da mafi daɗin magana a cikin littafin gaba ɗaya. Petroniyus ya ji hujjojin Bulus, ya ga canjin ɗan ƴar'uwarsa, ya yi kasada da ransa don ya kare Kiristoci a fada, amma bai tuba ba. Da ya tabbata Neron zai kashe shi, sai ya tara baƙi ya yi liyafa, ya sa aka yanke masa jijiya, baiwarsa Yunis da ke ƙaunarsa ta bi shi. Har shafukan ƙarshe mai karatu yana jiran ya ga ko zai miƙa wuya. Marubucin da ya yarda mutumin da ya fi kowa wayo a littafinsa ya ce a'a, ya sa i ɗin sauran ta zama mai nauyi.

Akwai abin da ya wajaba a gargaɗi mai shirin fassara a kansa, watau sha'anin tarihi. Madogarar marubucin ita ce Tasitus, masanin tarihin Rum, wanda ya ba da labarin gobarar a littafi na 15 na tarihinsa: daga unguwanni 14 na birnin, 4 kaɗai suka tsira, 3 suka ƙone ƙurmus, 7 suka zama kufai. Tasitus ya tabbatar da azabtar da Kiristoci, amma bai yanke cewa Neron ne ya sa wutar ba. Ya ce ana ta faɗin haka ne. Sienkiewicz ya mai da jita-jitar gaskiya. Mafi muni, ya sa wasu malaman Yahudawa cikin waɗanda suka kai ƙarar Kiristoci fada, abin da Tasitus bai faɗa ba. Sabon mai karatu yakan ɗauki duk abin da aka buga a matsayin gaskiya, don haka fassarar da ba ta zo da gabatarwa mai warware wannan ba za ta shuka ƙiyayya da sunan tarihi. Haka kuma ya kamata a san cewa a lokacin da aka rubuta littafin babu ƙasar Polan a taswira, domin Rasha da Purusiya da Ostiriya sun raba ta tun 1795, ba ta dawo ba sai 1918. Masu karatunsa na farko sun ga kansu a cikin Lijiya da Ursus, sun ga masu mulkinsu a cikin Neron.

Magadan wannan salo a Amurka suke da yawa, inda kamfanonin buga littattafan Kirista suka mai da shi kasuwa mai zaman kanta tun daga Love Comes Softly na Janette Oke a 1979. Wadda ta fi kusa da Sienkiewicz ita ce Francine Rivers, a cikin A Voice in the Wind na 1993. Tauraruwarta Hadasa yarinya ce Bayahudiya Kirista da aka kama bayan rushe birnin Ƙudus a shekara ta 70, aka sayar da ita baiwa ga wani gidan attajirai a Rum, ɗan gidan, Markus, ya kamu da sonta. A wuri ɗaya Rivers ta fi ubangidanta: Hadasa tana da tsoro, tana jin kunyar tsoronta, tana kokawa da shi, kuma ita da bakinta ta ƙi auren Markus saboda imaninta. Mutum ce mai zaɓi, abin da Lijiya ba ta zama ba. Littafin ya ƙare an jefa ta ga zakuna. Amma a littafi na biyu, na 1994, sai ga ta da rai, wani likita ya cece ta, Markus kuma ya tuba. Babu Petroniyus a nan. Wanda bai yi imani ba, ko dai yana kan hanyar yi, ko kuwa lalatacce ne. Babu arne mai mutunci da hujja da zai tsaya har ƙarshe. Wannan shi ne raunin mafi yawan littattafan rukunin na baya-bayan nan, shi ya sa ake karanta su da sauri, a manta da su da sauri.

Ta fuskar harshe, akwai wurin da Hausa za ta fi Faransanci ɗaukar Quo Vadis. Labarin ya ginu ne a kan bayi da iyayengijinsu, kuma a Latinanci kalma ɗaya, dominus, ita bawa ke kiran mai shi da ita, ita kuma Kirista ke kiran abin bautarsa. Harshen Polan yana da irin wannan kalma, pan. Faransanci yakan raba su, maître a nan, Seigneur a can. Hausa kuwa tana da ubangiji, mai ɗauke da ma'anonin biyu, tana da bawa da bauta, su ma haka. Mai fassara ba ya buƙatar sharhi don ya nuna abin da ke faruwa a zuciyar baiwar da aka tambaye ta wa take bauta wa. Kalmar tuba ita ma ta haɗa nadama da sauya addini, daidai da abin da ya sami Kilon. Inda aiki yake shi ne so da ƙauna da sha'awa. Canjin Vinisiyus gaba ɗaya tafiya ce daga ɗaya zuwa ɗaya, kuma idan mai fassara ya zuba kalmar soyayya a ko'ina, tafiyar ta ɓace.

Ba baƙon abu ba ne ga mai karatun Hausa a haɗa tarihi da bauta da imani a labari ɗaya. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, haka yake, sai dai uwa ce ke neman ɗanta a maimakon masoyi. Littattafan soyayya na Kano kuwa, tun daga tsakiyar shekarun 1980, sun nuna cewa mata da matasa za su sayi littafi da kuɗinsu idan akwai so da zullumi a ciki.

Shawararmu ita ce a sa Quo Vadis na Faransanci a ɗakunan karatun garuruwa, a kuma ba masu koyon rubuta ƙagaggen labari shi su nazarci ƙarshen babi-babinsa. Idan za a fassara shi ga sababbin masu karatu, dole a taƙaita, domin ya haura babi 70, kuma liyafofin Neron sun yi tsawo, wasunsu ma ba za su karantu a gaban iyali ba. Littafin Kiristanci ne a fili, sai a faɗi haka a bangonsa, mai ɗauka ya san abin da ya ɗauka. Haɗarin taƙaitawa shi ne mai almakashi yakan bi zaren masoya ya yanke sauran, kamar yadda fim ɗin Amurka na 1951 ya mai da Kilon ɗan rakiya. A rage liyafa, a rage bayanin gine-gine, amma a bar wasiƙun Petroniyus da daren lambun Neron yadda suke.