Gizo da Jerry: Dalilin Gardamar Masoya da Maƙiya

Manufar wannan takarda ita ce a bincika abin da ya sa mutane ke gardama mai zafi a kan wanda bai taɓa rayuwa ba. A ƙasar Gobir, wajen Sabon Birni da Isa, yara su kan kalli majigin zane na Tom da Jerry a talabijin ko a waya, sa'an nan su rabu biyu. Waɗansu su ce ɓeran nan gwani ne, waɗansu su ce azzalumi ne mai tsokanar kyanwa. William Hanna da Joseph Barbera ne suka ƙago su a Amurka cikin 1940, amma gardamar ta girme su ƙwarai a ƙasar Hausa, domin tun kaka da kakanni a ke yin ta a kan Gizo.

Gizo shi ne uban tafiya cikin tatsuniya, wadda mutanen yamma ke kira gatana. Labarunsa suna nan cikin littattafai uku na tatsuniyoyi da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, waɗanda da yawansu daga ƙasar Sakkwato aka samo su. Wanda ya karanta su zai ga Gizo yana da fuska biyu. A wata tatsuniya ya ci bashin Giwa da Dorina, da biya ya zo sai ya miƙa wa kowa bakin igiya, suka yi ta ja, kowa yana zaton da Gizo ya ke ja. Nan mai sauraro ya kan yi murna, gama ƙarami ya kā da manya. A wata kuwa hankaki suka ara masa fukafukai don ya je cin ɓaure, ya hana su ci saboda haɗama, suka karɓe gashinsu suka bar shi. Nan kuma kowa ya kan ce Allah ya ƙara.

To, ga inda gardamar ta ke. Kalmar wayo a Hausa tana ɗauke da yabo da zargi gaba ɗaya. In an ce yaro ya yi wayo, an yabe shi. In an ce mutum ya yi wa wani wayo, an ce ya cuce shi ke nan. Masoyin Gizo ma'ana ta farko ya riƙe, maƙiyinsa kuwa ta biyu. Saboda haka in wani ya ce ba ya son Gizo, ɗan'uwansa ji ya ke kamar an ce masa shi mai goyon bayan macuta ne. In kuwa wani ya yabe shi, ɗayan ji ya ke an raina amana. Watau kowa halinsa ya ke karewa, shi ya sa ba mai saki. Mutanen da birninsu Alkalawa ya faɗi cikin 1808, daga baya kuma iyakar Ingila da Faransa ta raba su da danginsu na Tsibiri, sun san darajar dabarar mara ƙarfi, sun kuma san ɗacin cin amana.

In an auna su biyun, tatsuniya ta fi majigin adalci. Jerry ya kan ci nasara kusan kullum, ba ya kuma magana, balle a kama shi da bakinsa. Gizo kuwa an ba shi tsamin baki don a yi masa dariya, an ba shi mata, Ƙoƙi, mai ganin wallensa, kuma sau da yawa dabararsa kan koma kansa. Har mai tatsuniya kan rufe da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, watau ita ma ta shaida maƙaryaci ne.

Don haka masu ganin ya kamata a raba yara da Gizo don kada su koyi cuta sun yi kuskure. Yaron da ya ƙi Gizo ya koyi ƙin haɗama, wanda ya so shi ya koyi cewa ƙarfi ba shi ne komai ba. Abin da ya wajaba ga malami shi ne ya bar su su yi gardamar, sa'an nan ya tambaye su wane ne Gizo ya yi wa wayo: babba ne mai danniya, ko kuwa wanda ya taimake shi?