Jean Giono da Ƙasarsa ta Provence

An haifi Jean Giono a shekarar 1895 a garin Manosque, cikin ƙasar Provence ta kudancin Faransa, a can kuwa ya rasu a 1970. Ubansa baduku ne mai gyaran takalma, uwarsa kuma wanki da guga ta ke yi. Tun yana ɗan shekara 16 ya bar makaranta ya shiga aikin banki, sa'an nan aka ɗebe shi soja, ya ga bala'in Verdun a 1916. Daga nan ya ƙi jinin yaƙi har ƙarshen ransa.

Masana sukan kira shi marubucin karkara, watau mai siffanta yankinsu kaɗai. Wannan suna ya rage masa daraja, domin a wurinsa ƙasa ba shimfiɗa ba ce wadda mutane ke wasa a kai. Ita ma rayayya ce, tana fushi, tana yafewa. A cikin Colline (1929) maɓuɓɓugar wani ƙaramin ƙauye ta ƙafe, yarinya ta kwanta ciwo, gobara ta kama tudu, mutanen kuwa suka ɗora laifin a kan wani tsoho shanyayye, Janet. Tsoron da ya kama su, shi ne ainihin labarin. A cikin Regain (1930) kuwa, ƙauyen Aubignane ya watse saura Panturle, har wata mace, Arsule, ta zo, ya ari irin alkama ya shuka, kufai ya koma gari.

Amma a nan ne kuma rauninsa ya ke. Ya ɗauki noma maganin kowace cutar zamani, ya mai da birni tushen ɓarna duka. Gwamnatin Vichy ma kiran komawa gona ta ke yi, saboda haka wanda aka ɗaure a 1939 don ƙin yaƙi, aka sake ɗaure shi a 1944 bisa zargin goyon bayanta, ko da ya ke ba a gurfanar da shi gaban shari'a ba.

Bayan wannan alƙalaminsa ya sake. Le Hussard sur le toit (1951) ya nuna Provence a cikin annobar kwalara ta 1832, inda manomi ma ke rowa da mugunta. Lalle ne malami ya haɗa wa ɗalibansa wannan da Regain, gama wanda ya karanta ɗaya kaɗai, rabin Giono ya sani.