Mai Zanen Masu Kala

An haifi Jan-Faransuwa Mile, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Millet, a shekara ta 1814 a wani ƙaramin ƙauye na ƙasar Normandi. Iyayensa manoma ne, shi ma ya yi noma kafin ya tafi Faris koyon zane a 1837. A 1849 ya kwashi iyalinsa ya koma ƙauyen Barbizo, can ya zauna yana zana manoma har ya tsufa.

Zanensa da Kirista suka fi sani shi ne wanda ake kira Anjelus, wato addu'ar Mala'ikan Ubangiji da ake kaɗa wa ƙararrawa safe da rana da yamma. Miji da mata ne tsaye a gonar dankalin turawa da faɗuwar rana. Mijin ya tuɓe hula, matar ta haɗa hannuwa ta sunkuyar da kai, kwando yana ƙasa tsakaninsu, can nesa kuma ga hasumiyar coci. Mile da kansa ya ce kakarsa ya tuna, wadda takan tsai da su aiki in an kaɗa ƙararrawa domin a yi wa matattu addu'a. Zane ne mai kyau, amma yana da sauƙin so. Mai ƙoshi zai iya rataya shi a ɗakinsa ya yi barci lafiya, gama talakawan da ke ciki ba su roƙe shi kome ba.

Wanda ya fi shi nauyi shi ne zanen Masu Kala na 1857. Mata uku ne a gonar alkama bayan girbi. Biyu sun duƙa ƙwarai, hannu a ƙasa, ta ukun ta ɗan ɗago kamar bayanta ya ƙage. Abin da kowace ta tsinta bai wuce cikin hannu ba. A bayansu kuwa ga tarin dammuna kamar tuddai, ga amalanke ana lodi, ga wani bisa doki yana lura da ma'aikata. Fuskokin matan ma ba su fito sosai ba, sai baya da hannuwa, kuma nan gwanintar take. Duk wanda ya taɓa ganin gwauruwa tana bin karan gero bayan an kwashe amfani ba ya bukatar a fassara masa. Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna da Rut a gonar Bo'aza, da dokar Littafin Firistoci sura 19 wadda ta hana mai gona share gefen gonarsa ƙarƙaf. Sai dai a nan Bo'aza bai matso ba, yana can nesa bisa dokinsa. Ba mamaki da masu hali na Faris suka ƙi zanen sa'ad da aka nuna shi.

A gida kuwa, matarsa ta fari ta rasu a 1844. Ta biyun, Katarina, ta haifa masa 'ya'ya tara, da alkalamin fenti ya ciyad da su, sau da yawa bashi na wuyansa. Shi ya sa zanensa na uwa tana ba yara abinci a bakin ƙofa bai yi kama da aikin baƙo ba. Akwai abin da masu yabonsa sukan tsallake: sun daɗe tare kafin su yi auren hukuma a 1853, auren Ikilisiya kuwa sai a watan Janairu na 1875, yana kwance ba lafiya. Ba abin koyi ba ne, amma bai yashe ta ba, ya kuma gyara kafin lokaci ya ƙure. Ya rasu ran 20 ga wannan watan, yana da shekara 60.

A 1889 aka sayar da Anjelus a kan faran 553,000 a kasuwar gwanjo, iyalinsa ba su sami rabo a ciki ba. Zanen biyu suna gidan ajiya na Orse a Faris.